Ba ƙazanta ba ce, omo ne

Da wuya a rasa, a kowace makaranta, yaron da fatarsa ke tsagewa da hunturu, yana susar lanƙwasar hannu da bayan gwiwa har jini ya fito. Mu malamai hukuncinmu ɗaya ne: ƙazami ne, ko kuwa ƙazuwa gare shi. Sai a aika wa uwa cewa ta riƙa cuɗe shi. Ita kuma, don kunya, ta ɗauko garin omo ta yi masa wanka da shi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Fata tana da wani siririn maiƙo da ke riƙe mata damshi. Aikin omo kuwa cire maiƙo ne, bai san na tukunya daban, na fata daban ba. Ga shi da kaifi irin na kanwa: a ma'aunin pH fata tana wajen 5, ruwan omo yana kai wa 10. Mai lafiyar fata zai jure. Amma yaron da ke da asma, ko mai yawan atishawa in ƙura ta tashi, sau da yawa fatarsa dama ba ta riƙe damshi sosai, abu kaɗan ke fasa ta. Likitoci suna kiran ciwon eczema, kuma ba a ɗaukarsa. Ƙazuwa ita ce ke bin ƴan ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne ranar tsafta mu miƙa wa irin wannan yaro bokitin omo da jabel ya wanke bayan gida, wai don kowa ya yi daidai. Shara ma ba tasa ba ce, saboda ƙura. A ba shi ban ruwan itatuwa ko tattara littattafai.

Iyaye, ɗauraya ita ce magana. Na san a Damagaram, inda ake sayen ruwa jarka-jarka, ɗauraya biyu ba wasa ba ce. To ko kayan da ke manne da jikinsa kawai a yi wa. A yi masa wanka da sabulu marar turare, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki bai gama bushewa ba. In wurin ya fara ruwa ko mugunya, a kai shi CSI, kada a sayo man shafawa wajen masu tallar magani.