Jirgin da Wani Ya Ƙera

A watan Oktoba na 1997, mawaƙin Amurka John Denver ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya cikin ƙaramin jirgi samfurin Long-EZ, ya rasu. Jirgin ƙirar gida ne, amma saya ya yi. Maƙerinsa ya sanya mariƙin sauya tankin mai a bayan kafaɗar matuƙi ta hagu, inda hannu ba ya kaiwa sai an juya jiki. Masu bincike sun ce wajen wannan juyawa jirgin ya kuɓuce masa.

A ganina, haɗarin wannan sha'awa ya fi kusa da mai saye fiye da mai ƙerawa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai sayi irin wannan jirgi, ya fara zama da maƙerinsa kafin ya hau kujerar matuƙi.