Raddi Ga Masu Cewa Dutse Ba Ya Ba Da Labari

Wata magana tana yawo a majalisu daga Kumbotso har Kura, har wasu 'yan boko sun ara sun yafa. Wai abin da masana ilimin ƙasa ke faɗi, cewa duwatsun da ake haƙo mai a cikinsu sun adana tarihin sauyin yanayi, shaci-faɗi ne kawai. Hujjojinsu uku ne.

Ta farko, wai dutse ba shi da baki, to wa ya shaida abin da ya faru tun kafin ɗan Adam ya taka ƙasa? Duk manomin da ya taɓa yashe kanal a Kadawa ya san amsar. In ya kafa shebur zai tarar da yashi mai tsakuwa a ƙasa, laka mai santsi a kansa. Yashin, ruwa mai ƙarfi ne ya turo shi. Lakar kuwa sai da ruwa ya lafa ta kwanta. Da irin wannan ido ake karanta kwarin Gongola, inda aka sanar da samun mai a Kolmani a 2019. A can ƙasa akwai dutsen yashi na Bima, wanda manyan koguna suka jibge. Sama da shi sai farar ƙasa ta Gongila, wadda ake fasawa a Ashaka a yi siminti, ga kwanson halittun teku birjik a cikinta. Sai baƙar lakar Fika, irin wadda ke kwanciya a gindin teku inda iska ba ta kaiwa, matattun halittu su daɗe a binne har zafi ya mayar da su mai.

Wannan tekun ya shigo ne kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, lokacin da duniya ta yi zafin da ruwa ya haura kan tudu. A ƙasar Sakkwato ma an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, aka raɗa mata sunan Goronyo.

Ta biyu, suka ce in da gaske ne, ina man Kano? Tambayar kanta ta rusa su. Mai haƙar rijiya a Bunkure yakan wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, sai digarsa ta doki fa. Wannan fa ɗin ya haura shekara miliyan 500, kuma ba ruwa ne ya shimfiɗa shi ba, don haka babu abin da zai zama mai a cikinsa. Duwatsu masu hawa-hawa suna farawa ne ta wajen Gumel da Haɗeja, suna ƙara kauri zuwa kwarin Chadi, har Agadem ta Nijar, wadda ake tace manta a Damagaram tun 2011.

Ta uku ita ce mai haɗari: tunda yanayi ya saba sauyawa, na yanzu ba abin damuwa ba ne. Rabin maganar gaskiya ce. Tudun yashin da ya ratsa Bama da Maiduguri tsohon bakin tafkin Chadi ne, kuma kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 ya kai shekara 8,000. Sai dai duwatsun nan da suke kafa hujja da su sun faɗi har da dalili. Shekara miliyan 56 baya, iskar kabon ta ƙaru, zafin duniya ya hau da kusan digiri 5, kuma hakan ya ɗauki dubban shekaru. Yau iskar ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420 a ƙasa da shekara 300, mafi yawa daga ƙona mai da gas da kwal.

Halittun wancan zamani ba su da gona. Manomin Kura kuwa alkamarsa tana jiran sanyin hunturu, shinkafarsa da tumatirinsa suna jiran ruwan Tiga, madatsar da aka kammala a 1974, jim kaɗan bayan farin da ya ƙarar da dabbobin Arewa. Faɗa masa cewa babu abin damuwa cutarwa ce, kuma cikin hujjojin nan uku babu ko ɗaya da ta tsaya da ƙafarta.