Ilmin Turawa da Gawon Dantchiao

Ko da yake neman ilmi farilla ne, kuma ba laifi ga ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram ya nazarci adabin Faransa da al'adun Yammacin Turai, har da bahasin da malamansu ke yi a kan sauyin yanayi, lalle akwai naƙasu babba idan ɗan Dantchiao ya kammala karatunsa alhali ya jahilci hikimar da iyayensa suka nuna bayan farin 1973 da na 1984, yayin da manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka daina sare tsiron gawo a gonakinsu, suka raine shi har ƙasa ta farfaɗo; domin gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ya bar gero ya sha rana, ganyen kuma ya zama taki. Masana daga ƙasashen ƙetare sun zo sun yi tahakiki a kan wannan al'amari, sun wallafa littattafai. Saboda haka wajibi ne shehunan malamanmu su shigar da shi cikin manhaja, a karantar da shi daidai da darasin Turawa.