A Horas Da 'Ya'yan Ƙauye Aikin Lafiya

Edita,

Don Allah ka ba ni fili in ɗan yi tsokaci. Zamanin El-Rufai gwamnatin Kaduna ta kama gyaran ƙananan asibitoci 255, kowace mazaɓa guda. Madalla, amma fa gini ba ya yin allura.

Ma'aikacin lafiya sai ya yi shekara 3 a makaranta irin ta Maƙarfi, ƙaraminsa shekara 2, kafin a yi masa rajista. To, da takarda ta shiga hannu sai ya nemi birni. Ƙauyen da nake noma yaron kemis ne likita. Bara ya ƙara wa ɗana ruwa, hannun ya kumbura suntum, sai da muka kwaso shi Kaduna.

Ƙananan hukumomi su zaɓo 'ya'yan ƙauye su biya musu karatun, bisa sharaɗin su koma gida aiki.

Naku,
Manomi, Tirkaniya, Kaduna.