Fuloti A Abuja: Sunan Wa Ke Kan Takardar?

 A wannan mako zancen fuloti za mu yi da takardunsa, musamman a Abuja. Yanzu ba wuya ki ji mace ta kwashi adashi, ko ta sayar da sarƙarta ta zinariya, ko ta karɓi rabonta na gado, ta aika wa ƙanenta ko mijin yarta da ke aiki can, ya saya mata ɗan fili. Niyya ce mai kyau, gama ƙasa ba ta ruɓewa, ba ta kuwa neman dusa kamar akuya. Amma a Abuja ƙarfin fili duk yana ga takardarsa. Abu biyu ya kamata mace ta tambaya tun kuɗinta bai bar hannunta ba, watau daga hannun wa takardar ta fito, kuma sunan wa aka rubuta a kai.

Sai mu ɗan koma baya kaɗan. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar da ta kafa Babban Birnin Tarayya, a watan Disamba na 1991 kuwa gwamnati ta taso daga Ikko ta tare. Dokar nan ta 1976 ta sa ƙasar yankin duka a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya sake faɗin haka. Saboda haka Ministan Abuja ne ke ba da fili da sunan Shugaban Ƙasa. Abin da ake ba mutum kuwa izinin zama ne na wasu shekaru, galibi 99 in filin gida ne, a rubuce cikin takardar shaida wadda 'yan boko ke kira C of O.

To, ga inda mata da yawa suke faɗawa rami. Dillali zai zo da takarda mai hatimin dagaci ko mai unguwa, da sa hannun shaidu uku, ya ce ai filin na 'yan asalin wurin ne tun kaka da kakanni. Mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa, don Gbagyi da sauran ƙabilu suna zaune a wurin tun ba a yi mafarkin birnin ba. Amma hukuma ba ta san wannan takarda ba. Ran da aka zo shimfiɗa hanya, ko aka ba wani filin daga ofis, mai takardar dagaci ba ta da abin riƙewa. Tsakanin 2003 da 2007, zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i yana minista, an rushe gidaje masu ɗimbin yawa a unguwanni irin su Karmo da Chika, da yawa cikin masu su kuwa irin wannan takarda suke riƙe da ita. Har takardun da ƙananan hukumomin yankin shida suka riƙa bayarwa a da, a 2006 an ce a kai su a tantance, kuma da yawa sun yi shekaru suna jiran layi. Wadda aka kawo wa irinsu sai ta tambaya ko an gama tantancewar.

Af, kada in manta. Ba duk inda dillali ya kira Abuja ne Abuja ba. Nyanya tana cikin Birnin Tarayya, amma da kin ƙetara zuwa Mararaba kin shiga Jihar Nasarawa, Madalla da Suleja kuwa Jihar Neja ne. A can gwamnan jiha ne ke sa hannu, ofishin ma daban ne.

Ofishin da ke riƙe da rajistar filayen Abuja shi ne AGIS, wanda aka kafa a zamanin el-Rufa'i don a zuba bayanin kowane fuloti cikin kwamfuta. Kafin a biya kuɗi, sai mai saye ko lauyanta su nemi a binciki fayil ɗin a can. Akwai ɗan abin da ake biya, za a kuwa ba da amsa a rubuce: sunan mai filin, da lambarsa, da girmansa, da ko an jinginar da shi a banki, ko an soke shi, ko ana shari'a a kansa. In mai sayarwa ya fara ƙunƙuni, yana cewa ai ba sai an je ba, wani ma na nan da kuɗi a hannu, ki bar masa kayansa. Ba a cinikin biri a sama. Daɗin daɗawa a ɗauki safiyo ya je ya duba duwatsun iyaka, don ya kan faru takarda ta zama ta gaskiya amma filin da aka nuna miki na maƙwabci ne.

Bayan an biya ma da sauran aiki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a sayar da irin wannan izini sai da yardar hukuma, cinikin da aka yi ba da ita ba kuwa bai tsaya ba. Watau sai an rubuta takardar sayarwa, an nemi yardar Minista, an biya kuɗin hatimi da na rajista, sa'an nan sunanki zai shiga littafi. Mutane da yawa su kan tsaya a takardar wakilci kawai don gudun kashe kuɗi, alhali kuwa a ofis filin yana nan da sunan mai shi na farko.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna, ta suna. Kunya ce take cutar mu a nan. Mace za ta tara kuɗinta da guminta, ta ƙosai ko ta ɗinki ko ta albashi, amma in an zo rubutu sai ta sunkuyar da kai ta ce a sa sunan maigida, ko na Yaya, wai kada a ce ta cika son abin duniya. Ni ban ce maigida macuci ne ba, yawancinsu ma da zuciya ɗaya suke karɓa. Amma rai fa? In ya riga ki, filin ya shiga cikin gado, tun da takarda ta ce nasa ne. In akwai 'ya'ya tumuni ne rabon mata, shi ɗin ma ku raba da abokan zamanki. Abin da yake naki dungum ya koma ɗan yanki, sai fa in kina da shaidu masu ƙarfi, kina kuma da zuciyar kai dangin 'ya'yanki gaban alƙali, wadda ba kowace mace ke da ita ba. In kuwa sunan Yaya ne, da matarsa da 'ya'yansa za ki yi ta, zumunci ya lalace a banza.

Shari'a ba ta hana mace mallakar dukiyarta ba, sashe na 43 na Tsarin Mulki kuma ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar fili ko'ina a Nijeriya, bai ware mace ba. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke wata shari'a tsakanin wata mata da mijinta a kan fuloti a Abuja. Takardar shaida da sunan matar ta fito, mijin ya ce ai nasa ne, kotu ta tabbatar wa matar. Da sunansa ne a kai, da labarin ya sha bamban.

Haka nan a guji rubuta "Malam wane da Uwargida". A gidan da ke da mata biyu ko uku, ko inda aka rabu aka sake aure, wace ce uwargidan? In ku biyu kuka haɗa kuɗi, a rubuta cikakken sunan kowa. A kuma lura sunan ya zo daidai da na katin ɗan ƙasa. Wadda ake kira Kulu a gida, katinta kuwa Hauwa'u, to, Hauwa'u za a rubuta, har da yadda aka jera baƙaƙen.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Dokar 1978 ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 21 ba wannan izini da kansa, sai ta hannun mai kula da shi, saboda haka ba yanzu za ku sayi naku ba. Amma kun iya karatu. In an kawo wa Inna ko Gwaggo takarda ta dangwala yatsa, ku karanta mata ita tun daga sama har ƙasa, ku fassara, ko da manya suna hararar ku. A ɗauki hotonta a waya, a yi kwafi a ajiye a wani gida dabam, asalin kuwa a sa cikin leda a ƙasan akwati, nesa da gara da ɗigar damina.

Wadda ta riga ta sami takardarta kuma, akwai harajin fili da ake biya kowace shekara, ranar 1 ga Janairu yake faɗowa, ba kuwa sai an aiko da takardar tuni ba. A watan Maris na 2025 Minista Nyesom Wike ya soke takardu 4,794 na waɗanda suka yi shekara 10 ko fiye ba su biya ba. In wani kike aikawa ya biya miki, ki ce ya kawo rasit, ki duba lambar fulotinki a kai, ki haɗa shi da sauran takardun.