Ra'ayinmu: Ɗigon Jini a Kan Takarda

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan fitowa za mu yi magana a kan wani malamin kimiyya da galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, watau Dokta Robert Guthrie na birnin Buffalo a Amurka, wanda ya rasu a 1995.

Akwai wata cuta ta gado da ake kira PKU. Jaririn da aka haifa da ita lafiya lau ake ganinsa, alhali kuwa jikinsa ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin madara da nama, sai ya yi ta taruwa a jini har ya lalata ƙwaƙwalwa. In an gano ta da wuri an sauya wa yaro abinci, sai ya tashi da hankalinsa garau. Guthrie, wanda cutar ta taɓa wata yarinya a danginsa, ya ƙago hanya mai arha: a huda dunduniyar jariri, a ɗiga jini kan takarda mai tsotsewa, in ya bushe a aika da shi ɗakin awo ta gidan waya. A 1963 Jihar Massachusetts ta wajabta wannan awo ga kowane jariri, sauran jihohi da ƙasashe suka bi.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. Ɗakin awo yana kuskure, kuma in ya ce da uwa ɗanta lafiya yake alhali ba haka ba ne, gara ma ba a yi awon ba, domin hankalinta ya kwanta a banza. Saboda haka a 1978 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da ke Atlanta ta fara aika wa ɗakunan awo busasshen jini wanda ita ta riga ta san abin da ke cikinsa, su kuwa ba su sani ba. Wanda ya kasa, a gyara masa aiki. Aiki ne marar armashi, ba ya kai sunan mutum jarida, amma a kansa komai ya dogara.

To, ina ruwanmu? PKU ba ta yawaita a nan ba, amma sikila fa? Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da ita. Tun 1986 binciken da Dokta Marilyn Gaston ta jagoranta ya nuna cewa ba wa irin waɗannan yara penisilin kullum yana rage musu mugunyar cutar da ke kashe su tun suna ƙanana, muddin an san su da wuri. A 1995 Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara awon jarirai a Kumasi ta Gana, da irin takardar nan ta Guthrie. Mu kuwa, wa bai taɓa jin labarin ma'auratan da aka ba takardar AA kafin aure, sai haihuwa ta ƙaryata ta ba?

Ga 'yan'uwanmu masu karatun awon asibiti, da yayyenmu da suka fara aiki a ma'aikatun lafiya, muna da roƙo. Sayen sabuwar na'ura yana da daɗin sanarwa, mun sani. Amma duk kasafin da zai bi ta teburinku, ku duba ko an ware kuɗin sinadaran awo, da horar da ma'aikata, da wanda zai riƙa jarraba ɗakin awon kansa a kai a kai. In babu, ku mayar da fayil ɗin, ku rubuta dalili.