ZAUREN 'YAN MATA: Wankin Lagireton Mota A Gida

 

Yau dai ba girki za mu yi ba, ba kuma kwalliya ba. Tsakar gida za mu fita mu buɗe bonet ɗin mota. Na san wata har ta taɓe baki tana cewa, "Kai Anti, me ya haɗa kifi da kaska?" To ki yi haƙuri ki saurare ni. Motar nan da kike gani a ƙofar gida ita ce ke kai ki makaranta, ita ce ke ɗaukar Mama zuwa asibiti cikin dare idan lalura ta taso, a wasu gidajen ma ita ce ke kawo abin da ake ɗorawa a murhu. Kuma sau da yawa abin da ke kashe injinta ba wani babban abu ba ne, ruwa ne kawai da aka yi sakaci da shi. Yarinyar da ta iya wanke tukunya tas, wallahi za ta iya wanke lagireto, domin kuwa aikin bai fi wancan wuya ba, sai dai ya fi shi son natsuwa.

Bari mu fara da sanin aikin ruwan. Injin mota wuta yake ci a cikinsa, fetur ne ke ƙonewa ba tsayawa. Ruwan yana zagayawa ta wasu hanyoyi a jikin injin, ya kwaso zafi, ya bi ta tiyo ya shiga lagireto, iska da fanka su fifita shi, sannan ya koma. Inji yana jin daɗin aikinsa ne idan ruwan na wajen digiri 90. Ku 'yan makaranta kun san ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, kun ga ke nan tazarar ba ta da yawa, ballantana a watan Maris da Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, ga cunkoso, ga na'urar sanyaya mota a kunne.

Shi ya sa ake da ruwa na musamman mai launi, kore ko ja ko ruwan hoda, wanda masu kayan gyara ke kira kulan. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya tafasa sai wajen digiri 107, idan kuma murfin lagireto na da kyau yana riƙe matsi, sai ya haura digiri 120 bai tafasa ba. Za ki ji wasu na cewa ai wannan na ƙasashen Turai ne masu ƙanƙara. Gaskiya ne yana hana ruwa daskarewa, amma yana da wani aikin da ya shafe mu kai tsaye, wato hana tsatsa cin ƙarfe da alminiyon da ke cikin inji. Ki leƙa cikin butar shayin gidanku da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya ko na burtsatse a ciki, za ki ga wani farin abu ya daskare a gindinta. To haka yake taruwa a siraran hanyoyin lagireto har ya toshe su. Daga nan sai mota ta fara zafi, gasket ya ƙone, kuɗin da ba a shirya ba su fita, wataƙila ma kuɗin makarantarki ne.

Kulan ma yana tsufa. Irin na da, ana sauya shi duk shekara 2, akwai kuma masu daɗewa da ke kai shekara 5. Littafin motar shi ne alƙali, shi zai faɗa miki irin wanda ya dace da kuma lita nawa take ci. Yawancin ƙananan motocin gida suna cin lita 5 zuwa 8. Kada ki yarda da launi kaɗai, don kamfanoni daban-daban sukan rina nasu yadda suka ga dama, kuma kada a gauraya iri biyu, wani haɗin yakan yi kauri ya toshe hanya. Wadda kuma gidansu ke da tsohuwar Volkswagen Beetle, ke kin huta, ita iska ce ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto.

Yanzu ga shiri. Da farko ki nemi izinin mai mota, ko Baba ne ko Yaya ko maigida, in so samu ne ma ya tsaya tare da ke a karon farko. Ki zaɓi safiyar ranar da ba makaranta, motar ta kwana ba a tayar da ita ba. A ajiye ta a fili mai iska inda ƙasa ta daidaita, a ja birkin hannu, ki zare makulli ki riƙe a wurinki. Ki ɗaure mayafinki ko hijabinki tamau, ki cire awarwaro da zobe da sarƙa, saboda fambel ba ya tausayin tufa, fankar wasu motocin kuma takan tashi da kanta ko da inji a kashe yake. Ki tanadi kulan, da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ki tabbatar wa mai shago cewa ba mai asid kike nufi ba. Sai faffaɗar roba wadda ba za ta sake komawa kicin ba har abada, da mazurari, da filaya, da tsumma, da safar hannu ta roba, da tsohuwar jarka mai murfi.

Ki taɓa lagireton da bayan hannu, idan ya yi sanyi ƙalau, sai ki ɗora tsumma a kan murfin ki murɗa a hankali. Wasu motocin ba su da murfi a jikin lagireto, nasu yana kan farar tankar roba da ke gefe, to ita za ki buɗe. Ki tura robarki ƙarƙashin motar. A can ƙasan lagireto akwai wata 'yar toshiya da ake kwancewa, yawanci ta roba ce, don haka ban da ƙarfi, lallaɓa ta za ki yi kamar kina kwance ɗan kunne. Idan babu ita, sai ki matsa ƙarfen da ya ɗaure tiyon ƙasa da filaya, ki ja tiyon ya fita. Ki bar ruwan ya tsiyaye duka.

A nan ki tsaya ki dubi abin da ya fito. Idan ja ne kamar ruwan kududdufi, tsatsa ce, wanki zai yi maganinta. Amma idan kika ga mai yana yawo a kai, ko ya yi kama da shayi mai madara, to ki dakata, wannan ya wuce aikin tsakar gida, alama ce mai da ruwa suna haɗuwa a cikin inji, sai a kira bakanike. Haka nan idan tiyo ya kumbura ko ya tsattsage, a sauya shi kafin a zuba sabon ruwa.

Sai wanki. Ki mayar da toshiyar, ki cika da ruwa mai tsabta, ki rufe murfi. A tayar da mota, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, domin ita ma tana da nata ɗan lagireton a ciki da ruwan ke bi. A bar ta tana aiki minti 10 zuwa 15, har allurar zafi ta kai tsakiya, sannan a kashe. To nan ne ake gane mai haƙuri. Ki tafi ki yi shara, ki karya kumallo, sai ta huce sarai sannan ki sake zubarwa. Ki maimaita sau biyu ko uku har ruwan ya fito garau, na ƙarshen ki yi shi da tataccen ruwa. Kada wani ya ce miki a barbaɗa garin sabulun wanki a ciki, kumfarsa ba ta fita da sauƙi, kuma ba don alminiyon inji aka yi shi ba.

Wajen zuba sabo, ki karanta jikin galan. Akwai wanda an riga an haɗa shi, zubawa kawai ake yi, akwai kuma mai kauri da ake sirkawa rabi da rabi. Ga wata dabara ga masu lissafi. Duk yadda kika tsiyaye, sai wani ruwan ya maƙale a cikin inji. Saboda haka idan littafi ya ce motar na cin lita 6, ki fara zuba lita 3 na mai kaurin, sannan ki cike da tataccen ruwa, kin ga haɗin ya zo daidai. Ki riƙa zubawa a hankali da mazurari. Tankar gefe kuma tana da layi biyu, MIN a ƙasa da MAX a sama, ruwan ya tsaya tsakaninsu.

Saura fitar da iska, kuma kada ki raina wannan, don iskar da ta maƙale tana sa mota zafi ko da sabon kulan ne a ciki. A tayar da injin murfi a buɗe, ki ja baya kaɗan kina kallo. Za ki ga ƙwayoyin iska na tasowa, can tiyon sama ya ɗau zafi, ruwan ya ja ƙasa, sai ki ƙara. Da kumfar ta daina, ki rufe murfin da kyau. Motoci irin su Peugeot suna da wasu 'yan kusoshi na fitar da iska, ana sassauta su har ruwa ya fito ba kumfa sannan a ɗaure, littafin zai nuna inda suke. Kada a yi wannan a rufaffen gareji, hayaƙin mota yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Washegari da safe ki sake duba layin, ki leƙa ƙasan motar ko akwai ɗigo.

Yanzu ku matso kusa, ga maganar da ta fi duk wadda na yi nauyi. Kulan guba ne. Sinadarin da ke cikin yawancinsa yana da ɗan zaƙi, ga launi kamar lemon kwalba, kuma ɗan kaɗan ya isa ya lalata ƙodar yaro. Don girman Allah kada a juye ragowarsa a robar lemo ko ta ruwan sha. Tsohon ruwan ki ɗura a jarka, ki rufe, ki rubuta "guba" a jiki, a kai wa masu gareji. Ban da zubarwa a kwata, ko kusa da rijiya, ko inda kaji da akuya da kyanwa ke yawo. Wanda ya zube a ƙasa ki rufe shi da yashi ki kwashe. Idan ƙaddara ta sa yaro ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, kada kuma a ce ai ga shi yana wasa. Da farko yakan yi layi kamar mai maye ne kawai, ɓarnar na zuwa daga baya. A ɗauki galan ɗin a ruga asibiti nan take.

Na biyu shi ne murfi mai zafi. Idan kuna tafiya biki Zariya ko Katsina, allura ta haura ja, a kashe na'urar sanyi, a gangara gefe, a kashe mota, a jira aƙalla rabin awa. Ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, murfi ne kawai ya danne shi, ana buɗewa zai yi tsartuwa ya wanke fuska. Samari dai kun san halinsu, idan wanda yake so tana wurin, sai ya nannaɗe hannun riga ya nufi murfin don a ce gwani ne. Idan da gaske kina son sa, ki hana shi, ki ce, "Don Allah ka bari ta huce." Kada kuma a kwarara ruwan sanyi a inji mai zafi, ƙarfen na iya tsagewa. Bayan ta huce, idan ruwan leda ne kawai a kusa, a zuba a ƙarasa gida, daga baya a sauya. Wanda kuma ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ƙwai ko gishiri ko man goge baki, sannan a tafi asibiti.

Ko ba ki shirya wa wankin ba tukuna, ga ɗan aikin da nake so kowaccenku ta ɗauka daga wannan makon. Duk Asabar da safe, kafin a tayar da mota, ki leƙa tankar nan ki ga inda ruwa ya tsaya. Idan yana raguwa kullum, ki gaya wa Baba cikin ladabi, akwai inda yake yoyo. Minti ɗaya ne, amma rigakafi ya fi magani, kuma albarkar da zai sa miki ta fi kuɗin bakaniken da kika cece masa. Gobe idan Allah ya ba ki taki motar, ko ta aiki ko ta kyautar ango, babu mai yi miki wayo a gareji.

Nan zan dakata sai fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, musamman wadda ta gwada, ina son jin wane launi ne ya fito daga motar gidansu. Allah ya tsare mu da iyayenmu a hanya, ya ba 'yan makaranta sa'ar jarrabawa.

Taku har kullum,
Antinku.